Kunnen Barba Jere

“Ba ka ji komai ba, tsohon banza! Shekara biyu ke nan ko ƙararrawar coci ba ka ji!”

Muryar Luce ce, matar Jere, dattijon da ake kira Barba don girmamawa. Bangon dutse ɗaya ya raba kicin ɗinsu da na Tonka, wadda ke zaune tana fiɗar kifin rana.

“Rage murya, mace.”

“In na rage ka ji ni? Ka kafa ƙarfe a kunne gaban mutane, ka lumshe ido kamar waliyyi, ka ce wa yaron Tonka ya tafi!”

Wuƙar ta tsaya a hannun Tonka. Ɗanta Duje ne ya fita da safen nan da wani jirgin ruwa na haya mai inji, mai kuma tafiya da iska, ɗauke da baƙi shida. Rediyo kuma ta ce guguwar arewa za ta sauko kafin yamma.

Shekara arba'in da uku Jere yana duba injin jirage a tsibirinsu. Mutum ne gajere mai hannu kamar na maƙeri, ba ya dariya sai in an yi maganar makanikan birni. Aikinsa hawa biyu ne. Yakan zaro gejin giyabos, ya ɗiga man a farar takarda. In ya fito kamar shayi da madara, ruwan teku ya shiga. In yana warin ƙuna ko yana ƙyalli da garin ƙarfe, ciki yana cin kansa. Daga nan sai ya kafa tsinin doguwar sukundireba a jikin giyabos, ya danna ƙotar a ƙashin bayan kunnensa, a saka giya gaba, a saka ribas. Cikin rugugin inji yakan ware ƙarar haƙorin giya ɗaya da ya gutsure. In ya ce “tafi”, mata sukan koma gida hankali kwance.

Tonka ta wanke hannu, ta zaga ta buga ƙofarsu. Jere ne ya buɗe, idonsa a kan bakinta. A nan ta gane tun yaushe yake kallon bakin mutane haka. Ta tuna sau nawa ta gaishe shi ta baya bai amsa ba, ta ce a ranta miskilanci ne na tsufa. Duk layin sun lura. Ba wanda ya tanka, don kowa yana son a samu mai ce masa “tafi”, ko da ƙarya ce. Ita ma haka.

“Barba, me ke damun jirgin?”

“Wane jirgi?”

“Kada ka mai da ni yarinya. Na ji komai.”

Luce ta leƙo ta bayansa, idonta jajir. “Faɗa mata. Ko ni in faɗa?”

Ya daɗe yana murza tsumman da ke hannunsa. Sannan ya yi bayani, a hankali, kamar mai karanta takardar wani. Duje ya zo masa jiya da ƙorafi, ya ce giyabos yana wani gurnani in an saka ribas. Da safe Jere ya sauka jirgin ya zaro geji, sai ya tarar da mai ja garau, sabo fil. Mai jirgin ne ya sa aka juye tsohon man da asuba, don kada a hana shi fitar da baƙi. Sabon mai ba ya tona asirin komai. Shekara biyu da mai yake rufa wa kansa asiri, da ido da hanci, yau an ƙwace masa su. Saura kunne. Mutane kuma suna tsaye a bakin gaɓa suna kallonsa.

“Sai ka ce ya tafi.”

“Sai na ce ya tafi.”

Tonka ta san mashigar ruwan da Duje zai kwana: ƙunci, duwatsu hagu da dama. In giya ta ƙi shiga a wurin, iska na tura shi, ba abin da zai tsayar da jirgin sai dutse. A irin wurin nan mijin ƙanwarta ya bar ƙafarsa.

“Da ɗanka ne fa?” in ji ta.

Bai ga bakinta ba, don ta sunkuyar da kai tana neman lambar Duje a waya. Wayar ta fara ringin. Jere ya kama hannun rigarta, ya ce ta gaya wa Duje kada ya shiga mashigar, ya juyo gida da iska tun guguwar ba ta sauko ba, za a tarye shi da kwalekwale a ja shi.

Ta gyaɗa kai ta juya. Tana taka matakala ta biyu ya sake kiranta daga bakin ƙofa, da irin babbar muryar wanda ba ya jin kansa.

“Tonka! Ki ce masa na ji wata ƙara ne, daga baya na sake tunani. Kada ki ce masa ban ji komai ba.”