Kyanwar da Kawu Yake Zanawa

Kawuna mai walda ne, kuma tun tasowata ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Ko kyanwar gidansa tsawa yake daka mata.

Ranar da aka kwantar da shi a asibiti, ni da matarsa, wadda muke kira Inna, muka buɗe durowarsa muna neman katinsa na asibiti. Sai ga ƙaramin buroshi, da fentin ruwa irin na 'yan makaranta, da takardu jingim. Kowace takarda zanen kyanwar nan ne, da ɗan baiti a ƙasa da rubutun hannunsa.

Na karanta ɗaya a fili: "Tafiyarki ba ƙara, zamanki ba fitina. In kin fita, gidan nan kango ne."

Inna ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Shekara talatin, ko sannu da aiki bai taɓa ce min ba. Ashe kyanwa ya ajiye wa daɗin bakin nasa!"

Ta fizge takardun tana dubawa a fusace. Can sai ta tsaya, ta ƙura wa zanen ido. A kowane zane akwai hannun da ke shafa kyanwar, kuma hannun yana ɗauke da tabon ƙuna sak irin wanda ke hannun Inna.