Maƙerin Dalma da Ƙanzon Hajiya Iya

Bari in faɗi gaskiya tun da wuri: na yi kishin Bashir, ɗan ƙanen babana, kishi mai zafi, kuma duk a kan kakarmu Hajiya Iya ne.

A flat ɗin council, wato gidan hayar ƙaramar hukuma, da ke unguwar Erdington muka tashi da ita. Da an yi magariba sai ta ja kujerarta gaban gas fire ɗin falo, ta miƙe ƙafafu, ta ce, "Mai kunne ya matso." A gefenta akwai kwanon ƙanzon tuwon shinkafa da ta jiƙa da madara. Dokarta ɗaya ce. In ta gama tatsuniya sai ta yi tambaya, wanda amsarsa ta gamshe ta shi ke cin ƙanzo, shi ne kuma "mai gidana" har zuwa gobe. Ƙannena mata ba su damu ba, don haka shekara da shekaru ni ne mai gidan. Sai wani hutun makaranta na half-term aka kawo Bashir daga Manchester, yaron da ko gaisuwa bai iya da Hausa ba.

A ranar ta ba mu labarin wani maƙeri. Iya 'yar maƙera ce, ta san zuga-zugi da uwar maƙera tun tana goyo, shi ya sa in tana labarin wuta har hannunta ke motsi. Ta ce maƙerin ya gaji da ganin mata suna wuce rumfarsa zuwa wurin mai zinariya, sai ya rantse zai mayar da dalma zinariya. Ya narka ta da gwaiduwar ƙwai. Ya jiƙa ta a ruwan kurkur kwana arba'in. Ya binne ta ƙarƙashin tsamiya, ya tono, ya sake narkawa. Kullum ta fito rawaya sharr, da ya kankare da farce sai ga baƙar dalma tana kallonsa. Haka ya yi har gemunsa ya yi fari, ya mutu da guduma a hannu.

"To," in ji Iya, "me ya hana shi?"

Na yi wuf na ce, "Kwaɗayi! Bai gode wa Allah ba." Amsar da ake so ke nan a kowace tatsuniya, na sha cin ƙanzo da ita.

Bashir kuwa ya kalli wutar, sannan ya ce da guntuwar Hausarsa, "Iya, wuta bai shiga inside ba. Waje kawai ya taɓa."

Iya ta tafa hannu ta yi guɗa. "Kai! Jinin maƙera ne wannan! Nura, matsa can, yau na yi sabon mai gida." Ina zaune ina kallo ya cinye ƙanzon, yana ma yatsina fuska don bai saba da shi ba. Wallahi da na samu dama a lokacin da na tura shi cikin wutar.

Abin bai tsaya nan ba. Ya koma Manchester, amma sunansa ya zauna a gidanmu. Bashir ya ci jarrabawa. Bashir ya shiga jami'a yana karanta physics. Ni kuwa na zama direban bus, kuma ni ne dai na rage kusa da ita. Ni ke kai ta wurin likitanta na GP, ni ke faɗa da council kan masu zuwa kula da ita, ni ke yanke mata farce. Duk da haka in waya ta yi ƙara sai ta ce, "Duba min, ko mai gidana ne."

Bara, da mantuwa ta fara cin ƙarfinta, ya zo daga unguwarsu Fallowfield ta Manchester ya yi mana wuni ɗaya. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Iya, kin tuna maƙerin nan? Ashe ana iyawa. A can cikin kowace ƙwayar dalma akwai cibiya, in aka fizge mata 'yan ƙwayoyi uku ta zama zinariya. A Manchester ma aka fara juya wani sinadari ya koma wani. Sai dai ba da wutar maƙera ba, da wata ƙatuwar na'ura. Kuma abin da ake samu ido ba ya ganinsa, kuɗin wutar ya fi zinariyar nesa."

Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Allah sarki, ashe bawan Allah ba hauka yake ba." Ta riƙe hannunsa ta ce in kawo masa shayi. Na kawo, na dire kofin har ya fantsala.

Da ya tafi, ina gyara mata bargo, sai ta ce, "Nura, wane ne malamin nan? Yana da hankali. Ɗan gidan wa ne?"

Astagfirullah, daɗi na ji. Daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Shekara ashirin da wani abu ina jiran ranar da zan fi shi a wurinta, ga ta ta zo, kuma sai da kaina ya sunkuya don na san da me aka saye ta. Sai a lokacin na gane ban taɓa tausaya wa maƙerin nan ba saboda ni ma aikinsa nake yi. Na samu tawa zinariyar, ba ta kai a nuna wa kowa ba.

Yana cikin jirgin ƙasa ya kira ni. Ya ce, "Yaya Nura, be honest. Ta gane ni kuwa?"

Amsar na nan a bakina, a shirye, da zafinta. Na kalli Iya tana gyangyaɗi a kujera.

Na ce, "Haba, ta gane ka mana. Tun da ka fita zancenka take yi."