Ordinatar da ta shekara biyu cikin buhun shinkafa

Jama'a, abin da zan ba ku labarinsa ba ji na yi a bakin wani ba, ni ya faru da ni, kuma wallahi ko a gaban alkali aka tsayar da ni haka zan maimaita shi. Shekarun baya ne, lokacin ina da ɗan shago a Gaya kusa da tasha, ina gyaran ordinata, wato kwamfuta, da salula, ina fotokopi idan akwai kuran, wato wutar lantarki, idan babu kuma in zauna ina kallon manyan motocin da ke jerin tsallaka gada zuwa Benin. Ni mutum ne mai yarda da turnabis ɗina na kwance kusoshi fiye da labaran aljanu, in ka kawo mini irin zancen nan dariya zan yi maka har ka ji haushi.

Wata Laraba da hantsi wata dattijuwa ta sauka daga kan kabu-kabu da ɗiyarta budurwa, suna rungume da buhu su biyu. Daga wani ƙauye na wajen Tanda suka fito. Na zaci shinkafa suka kawo sayarwa, har na fara cewa ba ni da bukata, sai yarinyar, Rakiya sunanta, ta kwance bakin buhun. Shinkafa ce kuwa, mai ɓawo, amma a tsakiyarta ga ordinata irin ta tebur, tsohuwa tukuf, fara ce a da amma ta koma ruwan ƙasa.

Ashe ta mahaifin Rakiya ce, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ya rasu shekara uku kafin nan. Bayan rasuwarsa kogi ya yi ambaliya ya shiga gidansu, ya cinye akwatin takardu gaba ɗaya, ya jiƙa ordinatar. Uwar ta taɓa jin cewa idan salula ta faɗa ruwa cikin shinkafa ake binne ta, su kuma manoman shinkafa ne, abin da suka fi yawa ke nan, sai ta cusa ta cikin buhu ta ɗinke, ta ajiye shekara biyu cur. Na danne dariya da ƙyar.

Dariyar ta tsaya da na ji abin da ya kawo su. Rakiya na son shiga jarabawar makarantar ungozoma, ana rufe karɓar takardu a Dosso ranar Jumma'a, ita kuma takardar haihuwarta ta bi ruwa. A meri, wato ofishin magajin gari, an ce mata in ta kawo lambar takardar da shekarar da aka yi ta, nan take za a duba rajista a ba ta wata, in babu sai ta bi ta kotu, wanda zai ci makonni. Ita dai ta tuna babanta ya taɓa ɗaukar hoton takardun gidan duka ya zuba a ordinatar nan. Uwar ta ce mini, "Ɗana, in ta rasa ta bana, shekarunta sun wuce, ba su ƙara ɗaukarta. Ka taimaka don Allah."

Na buɗe marfin, na zazzage ɓawon shinkafa da kashin ɓera ya kai cikin kwano, na hure ko'ina, na haɗa waya na danna maɓalli. Shiru. Ko fanka ba ta motsa ba, ko ɗan hasken nan babu. Na canja waya, na canja wurin da na soka ta a bango, na gwada da ƙarfen guga don in tabbatar akwai wuta, akwai. Na cire ƙwaƙwalwar na goge haƙoranta na mayar, na sa sabon pil, ɗan batir ɗin cikinta, na haɗa ƴan ƙarafunan maɓallin da bakin turnabis ko maɓallin ne ya mutu, duk a banza. Na zo kan akwatin da ke raba wuta a cikinta, na lanƙwasa ƙarfen riƙe takarda na haɗa koriyar waya da baƙa kamar yadda muke gwadawa, nan ma ko gezau. Na ce shi ke nan, akwatin wuta ya ƙone. Ina da wasu guda biyu a shago, amma bakin nata wani iri ne daban, babu wanda ya shiga. Diskin kuma irin na da ne mai faffaɗar waya, ba ni da abin da zan karanta shi a wata na'ura. Har aka yi azahar aka gama ina abu ɗaya, zufa ta jiƙa mini riga, Rakiya ta yi tagumi tana kallon hannuna, ni kuma kunya ta hana ni ɗaga kai.

Dabarar da ta rage ita ce in kira maigidana da ya koya mini sana'a, yana zaune a Dosso, ko yana da irin akwatin. Kun san Gaya, salula takan yi tsalle ta kama layin Benin ba da saninka ba, ranar ma haka ta yi. Na danna lambarsa duk da haka, na buɗe murya, na ajiye wayar kan tebur don hannuwana na cikin injin.

Aka ɗauka ba tare da na ji ta yi ƙara ba. Muryar ba ta maigidana ba ce, ta wani dattijo ce mai magana a natse, Hausarsa da ɗan karin Dendi. Ko gaisuwa ban gama ba ya ce, "Samari, ba ƙonewa ta yi ba. Kife ta, ka duba ƙarƙashi wajen ƙahwar hagu ta baya, akwai leda baƙa da anka manna. Ɓanɓare."

Na kife ta. Ga leda kuwa. Na ɓanɓare, sai ga ɗan makunnin fitilar babur an huda ƙarfe an dasa shi, wayarsa ta bi ta bayan akwatin wutar inda ido ba ya kai wa. Muryar ta ce, "Don yara na sa shi, suna kunna ta in na tahi lakwal. Tura shi sama." Na tura, na danna maɓalli, fanka ta yi tari ta watso mini ƙura a fuska, ta kama juyi, ekaran, gilashin kallon da na haɗa mata, ya kawo haske. Na yi ihu na ce Allah ya saka da alheri Baba, wa ke magana? Sai ya ɗan yi dariya ya ce, "Ka ce ma Zeinabu ta bar sa kayan wuta cikin shinkahwa." Layin ya yanke.

Na juyo da murna, sai na ga dattijuwar zaune a ƙasa daɓas, ta toshe baki da mayafi, Rakiya kuma a tsaye ƙiƙam hawaye na zuba. Ni fa har lokacin ban san sunan matar nan ba, Inna kawai nake ce mata. Da ƙyar ta iya cewa, "Ni ce Zeinabu. Wagga muryar Malam ce, baban Rakiya."

Tsigar jikina ta tashi har cikin gashin kai. Na nemo takardun, ga su nan a jere kowace da sunan mai ita, na buga wa Rakiya tata kwafi uku, na zuba sauran a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a ordinata, na ba ta, ordinatar ta yi aiki lafiya lau har muka gama. Da suka tafi na duba wayata. Lambar maigidana ce ba kuskure, amma tsawon kiran sifili ne, kuma ko dala ba a cire mini ba. Na kira shi da la'asar, ya rantse wayarsa na aljihunsa tun safe ba ta yi ƙara ba.

Rakiya ta karɓo sabuwar takarda a meri, ta kai takardunta Dosso ranar Alhamis da yamma, ta ci jarabawa, yanzu haka tana karɓar haihuwa a wata likita, wato ƙaramin asibiti, ta karkara. Na tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce aljani ne Musulmi ya ari muryar, ɗayan ya ce in yi shiru in yi sadaka, na yi sadakar, shirun ne ya gagare ni. Ni ban san wanda ya ɗauki kiran nan ba, Allah kaɗai ya sani. Amma ku masu gyara, kada ku yi saurin cewa abu ya mutu sai kun kife shi kun duba ƙarƙashi. Ku kuma da iyayenku suka riga ku, ku yawaita yi musu addu'a, don ni da kunnena na ji wani uba yana ƙarasa hidimar ɗiyarsa shekara uku bayan an binne shi.