Kanola a tallajar Umma

Shekarar da na gama karatun noma na dawo gida Shisha, unguwarmu a Makka, ba aiki sai jira. Kullum ina duba waya ko an kira ni. Ga wasu ambulan biyu da malamata ta ba ni ranar sallama, kowanne da irin kanola, tsiron nan mai furen rawaya da ake tatsar mai daga 'ya'yansa. Ƙwayoyin baƙaƙe ne, girman gero. Ta ce ɗaya na fure da kansa, ɗayan kuwa gadonsa ne sai ya sha sanyi na makonni kafin ya yi fure.

Na shuka su a gwangwanayen madara a saman bene. Sau biyar nake hawa a wuni, in auna, in ƙirga ganye, in sauko, in sake hawa. Na farkon ya miƙe ya yi fure. Na biyun ya baje a ƙasa yana ta ƙara ganye kamar kabeji. Sanyin Makka bai ishe shi ba.

Sai na sake shuka shida daga irin na biyun a kofunan shayi, da suka yi ganye huɗu na jera su a tallaja, wato firji, na rataya musu ƙaramar fitila. Umma ta buɗe neman laban, nonon da muke sha, ta gan su.

"Wannan kuma na miya ne?"

"A'a Umma, sanyi suke sha."

"Mutane na gudun sanyi, ke kina saya wa ciyawa. Aish hada? Mene ne haka?"

Amma ba ta fitar da su ba, sai ta mayar da tumatirinta tallajar maƙwabciya. Ni kuwa na hana ƙofar nan hutawa, har ta ce idan na ƙara buɗewa za ta sa kwaɗo.

Bayan mako bakwai, guda uku suka rage. Na hau da su sama. Kwana goma shiru, har na fara cewa a banza na wahalar da gida. Wata safiya Umma ta sauko daga shanya ta ce, "Ɗaya ya fito da kara."

Ya yi fure, amma zafi ya riga shi. Kwanson ya bushe kafin ya cika, 'ya'yan da na samu duk a motse. Na ɗauki hotonsu na tura wa malamata. Ta amsa da cewa in fara da wuri baɗi, ta kuma tambaya ko na taɓa neman aiki a gonakin Ɗa'ifa, inda ake sanyi. A ranar na fara cika takardu.