Likkafanin Mma da Babur Mai Batir

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina girgiza kai, yau ga ni na zo da nawa. A lokacin da abin ya faru ni tela ne a Akwatia Line cikin Kumasi, magidanci, mai bakin tsokana wanda ba ya barin kowa ya wuce shagonsa lafiya. Tun ina saurayi nake hawan babur, kuma mu masu babur a nan akwai abin da muka tashi muka tarar: ba a wuce wanda mai ya ƙare masa a hanya. Ko ka san shi ko ba ka san shi ba, za ka tsaya ka zare tiyo ka tsiyaya masa a kwalba abin da zai kai shi gidan mai. Na yi wa mutane, an yi mini. Shi ya sa ban taɓa koyon leƙa tanki kafin in kama hanya ba.

Da fetur ya yi ta hawa ba sauka, sai na sayar da tsohon baburina na sayi ƙarami mai aiki da batir. Ba zan ci amanarsa ba, ya yi mini rana. Ba sayen mai, ba juyen baƙin mai, ba hayaƙi a riga, ba zaman jiran makanike. In na jona shi a bangon shago ina ɗinki, kafin la'asar ya ƙoshi. Nakan wuce maƙwabtana a gidan mai in rage gudu, in tambaye su ko jaririn nasu bai gama shan nono ba. Su kuma su ce na hau abin wasan yara, mai tafiya ba sallama kamar kyanwa. Matsalarsa ɗaya da na sani ita ce ɗauke wutar nan da muke kira dumsor, amma tunda zirga-zirgata ba ta wuce kasuwa da unguwar Buokrom ba, ban taɓa ɗaukarta da muhimmanci ba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, waakye take sayarwa a bakin titi a Dichemso, wato dafa-dukan shinkafa da wake. Da wannan tukunya ta raine mu, da ita kuma ta je Makka bayan ta tsufa. Abin da ta fi ji da shi cikin tsarabarta shi ne farin yadin da ta saya a can, ta jiƙa shi da ruwan zamzam, ta shanya shi da hannunta, ta ce likkafaninta ke nan. Ni ta ba ajiya saboda ni ne babba, kuma ni ne mai almakashi. Duk ƙaramar salla sai ta tambaye ni ko gara ta taɓa mata kaya, in ce mata ta kwantar da hankalinta, ita ce za ta binne mu duka. Sai ta harare ni ta ce in dai tabbata ba a naɗe ta da yadin kanti ba.

A daminar shekarar da abin ya faru ta tafi wani ƙauye gaba da Mampong dubiyar ƙanwarta da ba ta da lafiya. Marar lafiyar ta warke. Wata safiya ina buɗe shago sai kawuna ya kira ni, ya ce in yi haƙuri, Mma ta koma ta kwanta bayan sallar asuba ba ta sake tashi ba. Ya ce a can za a yi mata sutura, mata sun fara shirin wanka, kuma innata, wato ƙanwar Mma, ta gaya musu akwai likkafani a wurina, don haka za su jira ni zuwa azahar. Ban yi kuka ba a lokacin. Na je gida na ɗauko yadin a ƙasan akwati, na sa a leda. Matata ta ce in bi trotro, motar haya, na ce wa zai zauna jiran mota ta cika, ga kuma cunkoson hanyar Tafo. Ranar da ta gabata ba mu samu wuta ba sai kaɗan, batir ya ɗan haura rabi. Na dube shi kamar yadda na saba duban tanki, na ce a raina in ma ya gaza ai hanya da mutane.

Har na wuce Jamasi lafiya lau nake tafiya. Hawan dutsen Mampong ne ya fara nuna mini abin da ban sani ba. Ina kallon alamar batir tana zubewa a gaban idona, babur yana ja da ƙyar, manyan motoci suna danna mini ham. Da na hau sama na shiga gari na tsaya a wani shagon gyaran waya, mai shagon ya ce ko da ya jona mini sai yamma kafin ya yi abin kirki. Nan kawu ya sake kira, na ce masa na kusa. Akwai hanya biyu zuwa ƙauyen: sabuwa mai kwalta da ke zagayawa, da tsohuwa ta jar ƙasa da ke ratsa gonaki, wadda muke bi da Mma ina yaro. Don in tattala abin da ya rage sai na bi tsohuwar. Ban san mutane sun daina bin ta ba.

A tsakiyar gonakin rogo ya tsaya. Bai yi tari ba, bai yi gargaɗi irin na mai fetur ba, ya yi shiru kawai. Na kashe na kunna, na girgiza shi, har kwantar da shi na yi gefe ɗaya kamar yadda muke yi wa tanki don ragowar mai ta gangaro. Na ciro waya, babu sabis. Na fara tura shi, da nauyin ya ishe ni na jingine shi a jikin bishiya na kama tafiya da ƙafa, ina gudu ina tsayawa. Rana ta karkata, na san azahar ta wuce. Hadari ya taso ta gabas, na cusa ledar cikin rigata na rungume. Na yi ta kiran sunan Allah, na yi ta yi wa Mma magana kamar tana jina, ina ce mata ga ni nan zuwa. Ban taɓa jin ni ba kowa ba ne irin na wannan rana.

Can sai ga ƙarar babur ta bayana. Wani manomi ne ɗan Asante, dattijo, ya ɗauro ayaba har ba a ganin bayansa. Ya ga baburina a baya, don haka tun kafin in buɗe baki ya sauka ya ciro kwalba, ya durƙusa zai zare tiyo. Na ce masa nawa ba ya shan mai. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce to me yake ci, massa, wato maigida? Na ce wuta. Ya fara dariya, sai na buɗe ledar na nuna masa farin yadin na ce na uwata ne, ana jira. Dariyar ta tsaya. Ya ce kafra, wato sannu da yarensu, ya mayar da kwalbar, ya kwance ayabarsa ya zube ta a bakin hanya ba tare da ya waiwaye ta ba, ya ce in hau. Ruwa ya sauko muna tafe, tayar baya tana zamewa cikin laka, shi kuwa bai sassauta ba.

Da muka shiga ƙauyen sai na hango maza suna fitowa ta bayan gari a jiƙe, wasu da fartanya a kafaɗa, makara kuma ba kowa a kanta. Kawuna ya tare ni ya riƙe hannuna. Ya ce sun jira har la'asar ta gabato, sun tura mai babur ya bi sabuwar hanya har Mampong yana nemana bai gan ni ba. Da hadari ya haɗu liman ya ce kabari zai cika da ruwa, kuma ba a ajiye mamaci don jiran tufa, sai aka aika kanti aka yanko yadi. Ban ga laifin kowa ba. Liman ya yi mini nasiha cewa ba yadi ke yi wa bawa ceto ba, aikinsa ne, na ce na sani Malam. Innata ce ta fito ta zare ledar daga ƙirjina, don na kasa sakinta, a nan ne kukan ya zo.

Bayan kwana biyu na je da mai keken ɗaukar kaya muka ɗauko babur ɗin a inda na bar shi, ba wanda ya taɓa shi. Har yau ina hawansa cikin gari, kuma har yau yana rage mini wahalar mai, sai dai tsokanar ta mutu a bakina. Maƙwabtan da nake yi wa dariya ba wanda ya taɓa tuna mini, wannan ma ya fi mini ciwo.

Abin da na koya shi ne, mai fetur in ya tsaya kowane mai wucewa yana da abin da zai ba shi, mai batir kuwa ko mutanen duniya sun taru a kansa da kyakkyawar niyya ba su da abin tsiyaya masa. 'Yan'uwana masu sha'awar irin wannan babur, ku saya, yana da amfani, amma ku san iyakarsa tun kafin ranar da za ku buƙace shi. Kada ku auna batir da idon tanki, kada ku hau dutse da rabin caji, kuma in saƙo ne da ba ya jira, ku nemi abin da hanya za ta iya taimakonsa. Mma ta yi shekaru a gaban murhu tana tanadin tufar da za ta tafi da ita, abu ɗaya tak ta roƙe ni, ni kuma na iso da shi mutane suna wanke ƙasar kabarinta daga hannuwansu. Wanda ya karanta wannan ya yi mata addu'a.