Rediyon da ba a kirana a cikinsa

Mai shagon ya kalli wayata, ya kalli ɗan rediyo mai katin waƙoƙi da na zaɓa, ya yi dariya.

"Hajiya, ai duk waƙar duniya tana cikin wayarki."

Na ce, "Na sani. Amma wannan ba a kirana a cikinsa."

Idon Innata ya daina gani. Kullum in na taso daga aiki a biro, nakan zauna kusa da ita in kunna mata waƙoƙin kalangu na zamaninsu a waya. Shekaranjiya muna cikin wadda ta fi so tun tana budurwa a garin Droum, mesaj ya shigo. Na duba shiru, ko motsi ban yi ba.

Sai ta laluba ta kama hannuna. "Kin tafi kuma, Hadiza."

"Ga ni nan, Inna."

"Jikinki ne a nan."

Jiya na bar wayar a ɗaki, na kunna rediyon. Da waƙar ta ƙare, Inna ta ce, "Yau kam kin zo."

Ku fa, yaushe rabonku da jin waƙa har ƙarshe tare da wani naku?