Ranar da Abokina Ya Farka da Larabcin Sudan

Shekarun baya, maganin rage kitse a jini ba ya samuwa a kowane kemis na Kaduna kamar yanzu. Sai mai ɗa a ƙasar waje. Abokina, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Doka, ɗansa ne ke aiko masa. A aljihun babbar riga yake ɓoye shi tare da goro, don kada uwargida ta gani ta hana shi man shanu a tuwo.

Da za a yi masa tiyatar ƙaba, likita ya tambaye shi ko yana shan wani magani. Ya ce a'a. A ganinsa magani na marar lafiya ne, wannan kuwa rigakafi ne kawai.

Aiki ya yi kyau. Washegari da hantsi na je dubiya, na tarar da ɗaki a cike. Abokina bai gane kowa ba. Yana fizgar robar ƙarin ruwa, yana magana da harshen da iyalinsa ba su taɓa ji a bakinsa ba. Ƙanensa har ya kawo mota daga Unguwar Shanu.

"Wannan ba na asibiti ba ne, iska ce," in ji shi. "Gida za mu kai shi a yi masa hayaƙi."

Ga ɗinki ɗanye a cikin mutum.

Ni da nake tinƙaho da yawon duniya da jin harsuna, sai da na ja da baya kamar kowa. Can na kasa kunne. Larabcin Sudan ne, irin wanda na sha ji a kasuwannin can. Cewa yake mahaifiyarsa ta jira shi, ƙafarsa ta gaji, ƙishirwa yake ji. Na duƙa na amsa masa da harshen: ga ruwa nan, ba wanda zai tafi ya bar ka. Ya dube ni, ya saki robar.

Likita ya shigo ya sake tambayar magani. Uwargida ta gyara mayafi.

"Likita, akwai wata 'yar ƙwaya a aljihun rigarsa. Yana ɓoye min, ni ma ina ɓoye masa na sani. To wa ke wanke rigar?"

Ta ciro kwalin maganin ta miƙa. Likita ya juya shi, ya ce tsofaffi sukan rikice bayan tiyata, kuma dalilan da yawa. Ba zai rantse cewa ƙwayar ce ko tsayar da ita kwatsam ba, amma da an faɗa masa, da ya yi shiri da saninta. "Ku bar min shi," ya ce. Ƙanen ya mayar da mukullin mota aljihu.

Cikin 'yan kwanaki hankalinsa ya dawo. Sai a lokacin ya gaya min cewa yana ƙarami iyayensa suka tafi da shi hajji a ƙafa, suka yi zama a Sudan. Shi kansa ya ɗauka harshen ya ɓace masa. Tun muna samari muke tare, ban taɓa sani ba.

Na ga manyan asibitoci a ƙasashe, amma ban ga abin da ya girgiza ni kamar wannan yaron da ke ɓoye a cikin dattijo yana kiran uwarsa ba. Allah mai iko.

Daga ranar, duk ɗan majalisarmu da za a kwantar a asibiti sai ya zazzage aljihunsa gaban likita, har goron.